Yadda na nemo barikin da aka binne kakana da tsohuwar taswira

Mahaifina ba ya riƙe shekaru da lamba. In ka tambaye shi yaushe mahaifinsa ya rasu, sai ya ce, "Shekarar da ƙaramin jirgin Zariya ya daina zuwa." Jirgin da yake nufi shi ne wanda Turawa suka shimfiɗa wa siririn dogo daga Zariya, ya iso Jos a 1914 don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. To a 1957 ke nan aka binne kakana, a wani barikin kuza da ke yamma da Bukuru, Baba yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Bayan sadakar arba'in kakata ta tattara 'ya'yanta ta dawo Gangare, cikin garin Jos, kuma tun daga ranar babu wani ɗan gidanmu da ya sake taka wurin.

Kakan nawa zuwansa biyu. Na farko ba da son ransa ba ne, yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar can, aka kafa aikin tilas a nan daga 1942 zuwa 1944. Sanyi da yunwa sun kashe mutane da yawa a wannan aiki. Shi ya tsira, ya koma gida, daga baya ya dawo da iyalinsa don kansa, yana wankin kuza yana kuma koyar da yaran bariki karatun allo.

Bara da azumi, mun sha ruwa muna zaune a tsakar gida, Baba ya ce, "Ina so in tsaya a kan kabarin Malam kafin in bi shi." Mahaifinsa yake nufi. Bai ƙara komai ba. Ni kuwa maganar ta hana ni barci.

Sunan barikin bai taimaka ba, don da sunan helman wurin, wato shugaban lebura, ake kiransa, kuma suna ya tafi da mai shi. Na tambayi direbobin tasha, na tambayi tsofaffin masu sayen kuza a Bukuru, kowa ya girgiza kai. Na buɗe Google Maps na yi ta jan hoto da yatsa har dare ya raba. Kududdufan da haƙar kuza ta bari sun cika ƙasar, kowanne kamar ɗan'uwansa, ga gonakin dankalin Turawa, ga bishiyoyin turare da aka dasa a kan tsibin ƙasar da aka haƙo. Bariki kam babu alamarsa.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin safiyo, wato awon ƙasa, da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Nasarawa, cikin Jos. Malam nake ce masa. Na same shi da la'asar a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Yaro, wayarka ƙasar yau take nuna maka. Kai kuwa ƙasar jiya kake nema. Sai ka nemi takardar jiya."

Ya ɗauko biro ya zana mini murabba'i a bayan wata ambulan. Ya ce an yanka Nijeriya gida-gida, kowane gida rabin digiri ne a tsaye, rabin digiri a kwance, kowanne da lambarsa da sunansa. Gidan da Jos take ciki lambarsa 168, sunansa kuwa Naraguta, ba Jos ba, don Naraguta ce cibiyar Turawan kuza tun bayan zuwan Kanar Laws a 1903, kafin Jos ta zama gari. Gabas da shi Maijuju ce mai lamba 169, kudu da shi Kurra mai lamba 189. Sai ya raba murabba'in gida huɗu, ya ce kowane yanki falle guda ne na taswirar da ma'auninta yake 1:50,000, wato santimita biyu a takarda kilomita ɗaya ne a ƙasa. Falle ɗaya yana ɗaukar wajen kilomita 27 kowace fuska. Jos da Bukuru suna fallen arewa maso gabas. Tun da Baba ya ce daga bariki zuwa Bukuru tafiyar asuba ce zuwa azahar da ƙafa, kuma rana suke fuskanta in sun fito, to fallayen yamma biyu zan nema.

Neman takardun ya ci mini mako biyar. A wani ofishi da ba zan ambata ba, sau uku ina zuwa kafin a samu mai riƙe da makullin ɗakin ajiya. Da aka buɗe, warin ƙura da danshi ya doke ni. Manyan durowoyin ƙarfe ne masu faɗi, wasu sun yi tsatsa ba sa janyuwa. A wadda ta buɗu na ga abin da ya sosa mini rai: gara ta ci gefen fallaye da dama, wasu ruwan rufi ya zuba musu sun manne da juna, in ka ɗaga ɗaya sai fatar ɗaya ta biyo shi. Aikin da mutane suka yi shekaru suna hawa duwatsu da kayan awo a ka, ga shi yana ruɓewa ba mai kula. Na biya aka buga mini kwafi, amma baƙi da fari ne, layin rafi da layin tudu duk sun zama launi guda. Da na kai wa Malam ya duba, sai ya ce wannan ba za ta yi mana aiki ba. Ya ce in ta gagara a Jos sai in nufi Abuja, ofishin Safiyo-Janar na Tarayya. Ban kai ga tafiya ba, wani tsohon abokin aikinsa da ke Bukuru ya aiko masa da nasa fallayen na asali, masu launi, a naɗe cikin bututun roba, da sharaɗin a mayar masa da su yadda suka zo.

Ranar da muka shimfiɗa su a tabarmar zauren Malam, muka danne kusurwoyi da kofunan shayi, na daɗe ina kallo ban ce uffan ba. Takardar ta yi ja-ja don tsufa, wuraren ninki sun yi laushi kamar tsumma. Bugun shekarun 1960 ne. Malam ya ce taswirorin wannan ma'auni daga hotunan da jirgin sama ya ɗauka aka zana su, kuma da yawansu aikin haɗin gwiwa ne tsakanin hukumar safiyo ta tarayya da ke Legas da wata hukumar Ingila da aka kafa a 1946 don auna ƙasashen da take mulka. Ana ɗora hoto biyu na wuri ɗaya a ƙarƙashin madubi mai ido biyu, sai ƙasa ta taso, dutse ya miƙe, kwari ya zurma, mai zane ya bi da alƙalami. Sannan a tura mutane da ƙafa su tambayo sunayen ƙauyuka da rafuka.

Ni dai abin da na gani shi ne tarin siraran layuka masu ruwan ƙasa, sun cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga. Malam bai yi mini dogon bayani ba. Ya aiki jikansa ya kawo roba da tulun ruwa da wani dutse mai doro daga bakin ƙofa. Ya sa dutsen a robar, ya zuba ruwa kaurin yatsa ɗaya, ya zagaye bakin ruwan a jikin dutsen da alli. Ya ƙara yatsa ɗaya, ya sake zagayewa. Haka har ruwa ya shanye dutsen. Da ya tsamo shi, ya ce in miƙe in kalle shi ta sama. Sai ga zobba cikin zobba. Ta gefen da dutsen ya miƙe tsaye zobban sun matse har suna taɓa juna, ta gefen da ya kwanta kuwa sun ware. Ya ce, "Shi ke nan karatun. Kowane layi a takardar nan ƙafa 50 ne tsakaninsa da na kusa da shi. Inda suka matse, kada ka kai tsoho."

Sannan ya koya mini bambance doro da kwari, don a idon baƙo kamarsu ɗaya. Inda layukan suka yi tsini kamar bakin mashi, in tsinin yana kallon sama, wajen da lambobin tsayi suke ƙaruwa, to kwari ne, ruwa yana gangarowa ta cikinsa. In tsinin yana kallon gangare, doron dutse ne. Kwazazzabo kuwa ba ya ɓuya: layuka ne cunkushe hagu da dama, da shuɗin zare guda a tsakiya. Da na gane wannan sai fallen ya buɗe mini. Na ga yadda tudun Jos yake shimfiɗe a wajen ƙafa 4,000, sannan ta yamma ya karye gaba ɗaya ya faɗa wa filayen kudancin Kaduna, rafuka sun tsattsaga bakinsa kamar haƙoran zarto. Na sha hawa Hawan Kibo a mota, kunnena yana toshewa, amma sai a ranar na ga siffar abin da nake hawa. Malam ya ƙara mini da cewa ruwan tudun nan uku yake rabuwa: Dilimi da ta ratsa Jos arewa take yi, ruwanta yana neman Tafkin Chadi, kogin Gongola yana zuwa Binuwai, rafukan yamma kuwa kogin Kaduna suke ciyarwa har zuwa Neja.

Washegari na kawo Baba. Dattawan biyu suka gaisa suka daɗe, sannan Malam ya ce, "Alhaji, kada ka dubi takardar. Rufe ido ka gaya mini abin da kake gani in ka fito ƙofar ɗakinku da safe."

Baba ya rufe ido. Ya ce dutse ne dogo a gabas, kamar raƙumi ya durƙusa, shi ya sa da hunturu rana ba ta isowa bariki sai hantsi ya yi, yara suna ta karkarwa a bakin wuta. A wuyan raƙumin akwai wata 'yar mashiga inda mata suke ɓullowa da itace da acca a ranar kasuwa. Rafi yana bin ƙasan bariki ya nufi mafaɗar rana, kuma da damina in dare ya yi tsit ana jin rugugin ruwa yana faɗawa cikin kwazazzabo, inda aka hana yara zuwa. Ya yi shiru, sai ya ce, "Akwai kuma lambatun kamfani. A saman bariki yake, a jikin dutse. Nan muke wanka."

Malam ya ɗaga kai da sauri. "A jikin dutse? Ba a kwari ba?"

"A jikin dutse. Yana tafe a kwance kamar an ja zare."

Malam ya jawo fallen gabansa, ya ce da ni, "Ruwan Allah yana yanke layi ne ya gangara. Ruwan da mutum ya ja shi ne yake bin layi." Kamfanonin kuza suna buƙatar ruwa mai yawa don wanke ƙasa, saboda haka sukan tare rafi can sama, su haƙa magudana ta bi gefen dutse da ɗan gangare kaɗan, wani lokaci tafiyar mil da yawa, har ta iso wurin aiki. A taswira za ka gan ta shuɗin layi siriri yana rakiyar layin tsayi kafaɗa da kafaɗa. Wannan ne ya rage mana aiki. Wurare uku muka samu masu doro a gabas da rafi mai yin yamma. Ɗaya ba shi da magudana. Ɗaya ya yi kusa da Bukuru ƙwarai, yaro ma zai je ya dawo kafin hantsi. Na ukun yana daidai inda fallayen biyu suka haɗu, sai da muka ninke gefen ɗaya muka ɗora a kan ɗaya kafin siffarsa ta fito. Ga doro, ga 'yar mashiga inda layuka suka shiga ciki ta fuska biyu kamar ƙugu, ga magudana, ga alamar wurin haƙa, ga ɗigo-ɗigon baƙi guda tara a jere, wato gine-gine. Ƙasa da su kaɗan layuka tara sun matse wuri guda, faɗawar ƙafa 400 ke nan. Malam ya ɗauko zare ya bi hanyar ƙafa mai ɗigo-ɗigo tun daga nan har Bukuru, ya miƙe shi a kan rula: santimita 44, kilomita 22. Tafiyar asuba zuwa azahar ga mai kaya a ka da yara a baya.

Babu suna a wurin. Wannan abu ya tsaya mini. Taswirar ta san kowane rami da kamfani ya haƙa da kowane dam da ya tare, amma mutanen da suka yi haƙar ɗigo tara ne kawai. Doron da mutanen ƙasar suke da sunansa tun kaka da kakanni, lambar tsayinsa kaɗai aka rubuta. Wanda ya biya kuɗin awo, abin da ya dame shi aka fi zanawa. Duk da haka ban raina ta ba, don ba ta yi wa dutse ƙarya ba ko da taku ɗaya.

Saura mu mayar da wurin cikin waya. Na karanto lambobin digiri daga gefen fallen zan shigar, Malam ya dakatar da ni. Ya ce tsofaffin taswirorinmu daga wani turken awo da ke Minna aka ɗaure lissafinsu, wayar hannu kuwa da lissafin tauraron ɗan'adam na duniya take aiki, wanda ake kira WGS 84. A wajejen nan bambancin yakan kai kusan mita 80, galibi tsakanin gabas da yamma. A fili wannan ba komai ba ne, amma a bakin kwazazzabo yana iya sa ka tsaya a wancan ƙetaren kana neman abin da ke wannan. Ya gyara mini lissafin da fensir, ya kuma ce in na isa in ajiye waya in bi doro da rafi da idona. Na kai fallayen wani shago aka yi mini sikanin ɗinsu, na buga kwafi mai launi, na mayar da na asali ga mai su.

Akwai abin da ya fi awo nauyi. Duk wanda ya zauna a Jos tun rikicin 2001 ya san abin da ake nufi in an ga baƙo a gonar mutane da taswira a hannu yana nune-nune. Ana iya ɗauka ƙasa ya zo nema, kuma ba zan ga laifin wanda ya ɗauka haka ba. Saboda haka ban kama hanya kai tsaye ba. Abokin aikin nan nawa yana da dangin uwa a yankin. Shi ya fara zuwa ya yi magana da kawunsa, kawun ya kai maganar gaban mai unguwa, aka sa mana rana. Shi ya sa ma ba zan faɗi sunan ƙauyen a nan ba.

Muka tafi wata Asabar cikin Janairu, sanyi yana yanka fuska. Mota ta kai mu inda za ta iya, muka sauka muka bi tsakanin shingayen ƙerana zuwa gidan mai unguwa. Na zube na ce, "Ranka ya daɗe, ba gona muka zo nema ba, ba fili ba. Tsohon nan ne yake son ya yi wa mahaifinsa addu'a." Na shimfiɗa kwafin a gabansa don ya ga babu abin da muka ɓoye. Ya sa aka kira wani tsoho da ya girmi Baba, yana dogara sanda. Tsohon bai kalli takardar ba sam. Ya tambayi Baba sunan helman barikin, Baba ya faɗa, sai tsohon ya riƙe baki. Ya ce uwarsa tana cikin matan da suke kai itace can.

Tafiyar ba ta kai kilomita biyu ba, amma ta ɗauke mu fiye da awa, saboda tsofaffi biyu. Ina riƙe da takardar ina juya ta tana fuskantar arewa. Muka ɓullo ta mashigar, daidai ƙugun nan da na gani a zauren Malam. Ƙasa kaɗan ƙafata ta faɗa wani dogon kwarmi da ciyawa ta rufe, yana tafe a kwance a jikin dutse. Baba ya tsaya ya dube shi, ya bi shi da ido har inda ya sha kwana, ya ce a hankali, "Lambatu."

Ɗigo taran nan babu ko ɗaya a tsaye. Abin da ya rage shi ne murhun gidan Bature da bututun hayaƙinsa na dutse, da mangwaro huɗu da suka tsufa. Inda ɗakunan lebura suke an yi kunyoyin dankali. Zaizaya ta ci gefen rafin sosai, bakin kwarin ya matso fiye da yadda taswira ta nuna, har gabana ya faɗi, na ce ko ruwa ya tafi da makabartar. Taswirar ba ta da alamar kabari ko ɗaya a wurin, aikinta ya ƙare a nan.

Tsohon ne ya wuce gaba. Ya kai mu bayan mangwaron, wani ɗan fili da bai fi ɗaki huɗu ba, ciyawa ta yi tsayi, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina amma garma ba ta taɓa shiga ba. Ya nuna da sandarsa ya ce, "Kushewar mutanen bariki ce. Iyayenmu sun ce kada a noma, ba mu noma ba." Da na sunkuya na ga duwatsu a jejjere, sun nutse rabi cikin ƙasa.

Baba bai iya gane wanne ne na mahaifinsa ba. Ya cire takalmi, ya yi musu sallama gaba ɗaya, ya ɗaga hannu. Tsohon ya cire hularsa ya tsaya a gefe har aka shafa. Daga ƙasa ana jin ƙaramin motsin ruwa a cikin kwazazzabo, na rani, ba rugugin da Baba yake ba mu labari ba.

Kafin mu juya na zaro fensir. Na tambayi tsohon sunan doron da harshensu, ya faɗa sau uku ina gyara rubutu har ya ce ya yi daidai, na rubuta a saman lambar tsayin. Baba ya karɓi fensirin, hannunsa yana rawa, ya rubuta sunan barikin da ajami kusa da ɗigo taran. Mai unguwa ya aiko yaro ya ce mu biya ta gidansa mu sha ruwa, mu kuma kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.